Sir Charles Dilke (1843-1911): harshe, siyasa da shari'a a Ingila

Manufar wannan taƙaitaccen nazari ita ce mu dubi rayuwar Charles Dilke ta fuskoki biyu da suka shafi ilimin harshe: matsayin da ya ba Ingilishi a cikin tunaninsa na mulkin mallaka, da nauyin da kotu ta ba magana a shari'ar da ta karya shi.

An haife shi a Landan a 1843. Ya yi karatun shari'a a Kambirij, ya zama lauya a 1866, ko da yake bai riƙi aikin ba. A 1869 ya gāji sarautar baronet daga mahaifinsa. Sarauta ce ta gado wadda Sarki James na ɗaya ya ƙirƙiro a 1611; mai ita yana amsa laƙabin "Sir", amma ba ya cikin majalisar sarakuna, don haka yana iya neman ƙuri'a. Dilke ya wakilci Chelsea daga 1868 zuwa 1886.

Littafinsa Greater Britain ya fito a 1868, bayan ya zagaya Amurka, Niyu Zilan, Ostareliya da Indiya. Abin lura shi ne ya sanya Amurka a cikin wannan "babbar Birtaniya", alhali ta daɗe da fita daga hannun Ingila. Ke nan a ganinsa harshe da jinsi da dokoki su ne ke haɗa daula, tuta kuwa tana biye. Wannan ra'ayi yana tafe da fifita jinsin Ingilishi a kan sauran al'ummu, kuma Dilke bai ɓoye hakan ba.

A siyasa ɗan neman sauyi ne. A 1871 ya soki kuɗin da ake kashewa gidan sarauta. Duk da haka Gladstone ya naɗa shi ƙaramin ministan harkokin waje a 1880, sannan ministan ƙananan hukumomi a 1882.

A 1885 Donald Crawford ya nemi rabuwa da matarsa, wadda ta ce ta yi lalata da Dilke. A Fabrairun 1886 alƙali ya karɓi furucinta a matsayin hujja a kanta, amma ya ce ba hujja ba ce a kan Dilke: aka raba auren, aka sallame shi. Magana ɗaya ta tabbata ga wanda ya faɗe ta, ta faɗi ga wanda aka ambata. Jama'a ba su fahimci wannan bambanci ba, shirun Dilke a kotu kuma ya ƙara zargi. A shari'a ta biyu, cikin Yuli, ya zo a matsayin shaida kawai, ya sha kaye.

Ya koma majalisa a 1892 daga mazaɓar Forest of Dean, yana kare ma'aikatan haƙar ma'adinai, a 1897 kuma ya tayar da batun zaluncin da ake yi a Kwango ta Sarki Leopold. Bai sāke zama minista ba har rasuwarsa a 1911.