Tamarine Tanasugarn da Ƙofar Litinin ta Biyu

A wannan makon tarihin wata 'yar wasa za mu bi, wadda da yawanmu ba mu taɓa jin sunanta ba, ko da kuwa muna cikin waɗanda suka riƙa kwana a gaban talabijin duk ranar da Serena Williams ta yi wasa. Sunanta Tamarine Tanasugarn, 'yar ƙasar Tailan, mutanenta kuma Tammy suke ce mata. Shekara 22 ta yi tana cin abinci da ƙwallon tanis, daga 1994 zuwa 2016. Ba ta taɓa ɗaukar kofin ɗaya daga cikin manyan gasannin duniya huɗu ba, kuma matsayi mafi girma da ta taka a jerin gwanaye mata shi ne na 19, a watan Mayun 2002. Abin da ya ja hankalinmu gare ta shi ne wata ƙofa a birnin Landan da ta ƙwanƙwasa sau shida ana mayar da ita, sai a karo na bakwai, tana da shekara 31, ta samu shiga.

Kafin mu je ga ƙofar, bari mu ɗan share hanya saboda waɗanda tanis bai dame su ba. Manyan gasannin huɗu su ne na Ostareliya, na Faransa, na Wimbledon a Ingila, da na Amurka. A kowace ana farawa da mata 128, wadda aka doke ta tattara kayanta. Mai son kofi sai ta ci wasa bakwai a jere. Shi kansa wasan ana yin sa ne turmi-turmi kamar dambe: wadda ta riga cin turmi biyu ita ta yi nasara, kuma ana cin turmi ne idan aka kai maki shida da tazarar biyu. Don haka idan muka rubuta 6-3, 6-2, muna nufin an gama da mutum a turmi biyu ba tare da ya wahalar da kowa ba. Zagaye na huɗu shi ne inda mata 16 suka rage. A Wimbledon na wancan zamani, bisa al'ada ana hutawa ranar Lahadin tsakiya, sai a buga dukkan wasannin zagaye na huɗu ranar Litinin ta mako na biyu. Wadda ta tsallake Litinin ɗin ta shiga sahun takwas na ƙarshe. Ƙofar da muke magana ke nan.

An haifi Tamarine ranar 24 ga Mayu 1977 a Los Angeles ta Amurka, amma a Tailan ta girma, kuma tutar Tailan ta ɗauka duk tsawon rayuwarta ta wasa. Mahaifinta Virachai tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando ne da ya taɓa wakiltar ƙasar, shi ne kuma ya zama mai horar da ita. A lokacin Tailan ƙasar damben gargajiya ce da ƙwallon ƙafa. Babu wata mace a gabanta da ta yi nisa a tanis har za a ce ga sawun da za ta bi. A 1995, tana da shekara 18, ta kai wasan ƙarshe na gasar matasa ta Wimbledon, inda Aleksandra Olsza ta ƙasar Folan ta doke ta. Tun daga nan aka fara ganin wani abu mai ɗaure kai: yarinyar da ta tashi a kan filin daɓe cikin zafin Bangkok, ƙasar da filin tanis na ciyawa ke da wuyar gani, ta fi sakewa a kan ciyawar Ingila fiye da ko'ina.

Dalilin yana cikin jikinta da salon bugunta. Ana buga tanis a kan fili iri uku: daɓe, jar ƙasa, da ciyawa. A kan jar ƙasa, kamar a Faransa, ƙwallo na rage gudu ta yi tsalle sama, sai wasan ya zama na dogaye masu ƙarfin kafaɗa da ke murza ƙwallo ta tashi har wuyan abokiyar karawa. A kan ciyawa kuwa ƙwallo sulɓewa take yi, ta yi ƙasa-ƙasa da sauri. Tsawon Tamarine bai wuce mita 1.65 ba, gajeriya ce a cikin matan da ke wannan sana'a. Bugunta a miƙe yake, ba ta cika murza ƙwallo ba, tana kuma tare ta da wuri kafin ta gama tashi. A jar ƙasa wannan salo ba ya kai mutum ko'ina, shi ya sa ba ta taɓa wuce zagaye na uku a Faransa ba. Amma a ciyawa, doguwar mace sai ta yi ta durƙuso tana kwasar ƙwallo a gwiwa, ita kuwa Tamarine ƙwallon na zuwa mata daidai hannu.

Matsalar ita ce kakar ciyawa gajeriya ce ƙwarai. A yawancin shekarun da take wasa, mako biyu ne kacal tsakanin kammala gasar Faransa da fara Wimbledon, sai mako biyun Wimbledon ɗin kansa. Wato kusan wata guda a shekara take samun filin da ya dace da ita. Sauran watannin sai dai ta yi ta faɗi-tashi a kan daɓe domin ta riƙe makinta, don kuwa makin tanis ba ya ajiyuwa: duk abin da ka tara, bayan mako 52 goge shi ake yi. Ga shi ɗan tanis ba shi da kulob da ke biyansa albashi kamar ɗan ƙwallon ƙafa. Kuɗin jirgi da na mai horarwa daga aljihunsa suke fita, kuma idan aka fitar da shi a zagayen farko, abin da zai karɓa kaɗan ne. Manomin da damina ɗaya yake da ita zai fahimci yadda watan Yuni yake a wurinta.

Yanzu ga lissafin ƙofar. A 1998 ta kai zagaye na huɗu, ta ci karo da Martina Hingis, wadda ke riƙe da kofin kuma ita ce ta ɗaya a duniya. A 1999 ta sake kaiwa, Mirjana Lučić ta Kuroshiya ta tare ta. A 2000 Serena Williams ce, kuma abin bai yi kyau ba, 6-1, 6-1. A 2001 Nathalie Tauziat ta Faransa, tsohuwar gwanar ciyawa. A 2002 Monica Seles. Shekara biyar ke nan a jere tana zuwa wuri ɗaya tana juyawa. A 2004 ta sake komawa, Ai Sugiyama ta Japan ta mayar da ita. A ganinmu ta 1999 ce ta fi ciwo. Hingis da Serena da Seles manyan giwaye ne, ba a zargin wanda suka taka. Lučić kuwa yarinya ce mai shekara 17 da ba ta cikin waɗanda aka ware a matsayin manya a gasar, ko da yake ita ma ta fitar da Seles kafin su haɗu, ta kuma wuce har wasan kusa da na ƙarshe.

Akwai wani ɗan abu game da 2004 da ba za mu iya wucewa ba. A 2003 Tamarine ta haɗa gwiwa da wata 'yar Rasha mai shekara 16 a wasan bibbiyu, suka ci kofi biyu tare, ɗaya a Tokyo ɗaya a Luxembourg. Yarinyar ita ce Maria Sharapova. Da a ce Tamarine ta doke Sugiyama a 2004, da Sharapova za ta kara a zagaye na gaba. Sharapova ta doke Sugiyama, ta wuce ta ɗauki kofin Wimbledon tana da shekara 17, ta shiga ƙofar da abokiyar wasanta ta yi shekaru tana tsaye a bakinta.

A tsakanin waɗannan shekaru ba a zaune take ba. A farkon 2000 ita da Paradorn Srichaphan sun kai Tailan wasan ƙarshe na Kofin Hopman a Perth, inda Afirka ta Kudu ta doke su. A 2003 ta ci kofinta na farko na wasan ɗai-ɗai a Hyderabad ta Indiya. Sai dai a waɗannan shekarun hasken ya fi karkata kan Paradorn, wanda ya doke Andre Agassi a Wimbledon a 2002, ya kuma zama namiji na farko daga Asiya da ya shiga sahun goman farko a 2003. Ita kuwa bayan 2004 sai ta fara gangarowa, har sunanta ya fita daga cikin 100 na farko. Ga mace da ta doshi shekara 30 a tanis, wannan yawanci alamar sallama ce. Wanda ya faɗo ƙasa da 100 ba ya samun shiga manyan gasa kai tsaye, sai ya bi ta wasannin share fage tare da yara masu tasowa, a ƙananan filaye da 'yan kallo ba su cika zuwa ba.

Ta wannan hanyar ta shiga gasar 's-Hertogenbosch ta ƙasar Holan a watan Yunin 2008, mako guda kafin Wimbledon. Daga share fage ta bi ta kai wasan ƙarshe, ta doke Dinara Safina 7-5, 6-3. Safina kuwa makonni biyu kafin nan ta buga wasan ƙarshe a gasar Faransa. Da wannan ƙarfin gwiwa Tamarine ta sauka Landan, ta fitar da Vera Zvonareva a zagaye na biyu, ta fitar da Marina Erakovic a na uku. Ranar Litinin 30 ga Yuni 2008 ta tsaya a bakin ƙofar a karo na bakwai, a gabanta kuma Jelena Janković ta Sabiya, ta biyu a cikin manyan gasar. Ta gama da ita 6-3, 6-2. Da haka ta zama mutum na farko daga Tailan, mace ko namiji, da ya shiga sahun takwas na ƙarshe a wasan ɗai-ɗai na wata babbar gasa.

Gaskiya ce Janković na fama da ciwon gwiwa a ranar, kuma ta yi ƙorafi sosai kan yadda aka tura ta fili na 18, nesa da babban fili. Wannan ƙorafi ya samu wuri mai faɗi a labaran da suka biyo baya, har ya kusa rufe labarin wadda ta yi nasara. Mu dai ba mu ga abin da fili na 18 ya rage wa nasarar ba, tunda su biyun a kansa suka tsaya, kuma ita Tamarine rabin rayuwarta a irin waɗannan filaye na gefe ta yi. Janković ɗin nan ita ce ta ƙare shekarar 2008 a matsayi na ɗaya a duniya. Gasar ta wannan shekara ma ta zo da abin mamaki gaba ɗaya: dukkan manya huɗu na farko sun fita kafin zagayen takwas, kuma Zheng Jie ta ƙasar Sin ta kai wasan kusa da na ƙarshe bayan ta fitar da Ana Ivanovic.

Washegari Tamarine ta haɗu da Venus Williams, ta sha kashi 6-4, 6-3. Venus ta wuce ta ci kofin, karo na biyar, ba tare da ta rasa turmi ko ɗaya ba a duk gasar. Zaman Tamarine a cikin ɗakin na kwana ɗaya ne, bayan shekara goma da fara ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Abin da ya biyo baya ya nuna ba sa'a ce ta rana ɗaya ba. A 2009 ta koma Holan ta kare kofinta. A wasan kusa da na ƙarshe ta sake doke Safina, wadda a lokacin ita ce ta ɗaya a duniya, sannan ta doke Yanina Wickmayer ta Beljiyam a wasan ƙarshe. A watan Oktoban 2010 ta ci kofinta na huɗu a Osaka, a wani wasa da ya shiga tarihi saboda shekarun masu buga shi: ita tana da 33, Kimiko Date-Krumm ta Japan tana da 40, jimilla 73. Wato uku daga cikin kofunanta huɗu na wasan ɗai-ɗai bayan ta haura shekara 30 ta ci su. A 2011 kuma ita da Erakovic, wadda ta fitar a 2008, suka haɗu suka kai wasan kusa da na ƙarshe na bibbiyu a Wimbledon.

Wurin da kofin ɗai-ɗai ya ƙi ta shi ne gida. Sau uku tana kai wasan ƙarshe na ɗai-ɗai a gaban mutanenta a gasannin ƙwararru: Pattaya a 1996, Bangkok a 2006, Pattaya kuma a 2010, duk ta faɗi. A Gasar Wasannin Asiya ta 1998, wadda aka yi a Bangkok lokacin da ƙasar ke farfaɗowa daga karyewar darajar kuɗinta ta 1997, ta kai wasan ƙarshe, Yayuk Basuki ta Indonesiya ta bar ta da azurfa. A Busan a 2002 ma azurfar ce, a hannun Iroda Tulyaganova ta Uzbekistan. Ta je Olamfik sau huɗu, daga Atlanta a 1996 zuwa Beijing a 2008, ba ta dawo da lamba ba.

Zinaren Wasannin Asiya sai a 2014 ya zo, a Incheon ta Koriya ta Kudu, a wasan bibbiyu na mata, tana da shekara 37. Abokiyar wasanta ita ce 'yar ƙasarsu Luksika Kumkhum, wadda a farkon wannan shekarar ta fitar da Petra Kvitová a zagayen farko na gasar Ostareliya. An haifi Luksika a 1993, shekara guda kafin Tamarine ta fara wasan ƙwararru. Shekara biyu bayan Incheon, Tamarine ta yi ritaya da kofi huɗu na ɗai-ɗai da takwas na bibbiyu.