Matasa da Gidan Tarihi: Inda Yamai ta Fara da Inda ta Tsaya

A watan Disamba na shekarar 1959, tun Nijar ba ta sami cikakken ƴanci ba, aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a Yamai. Mutum biyu ne suka tsaya a kan aikin: Bubu Hama, shugaban majalisar dokoki na wancan lokaci, wanda asalinsa malamin makaranta ne, da Pablo Toucet, mutumin Ispaniya da ya yi aikin tonon kayan tarihi a Tunisiya. Tun farko sun ƙi su gina irin gidan da aka saba gani a Turai, inda baƙo ke tafiya shiru, hannu a baya. A filin da ya kai hekta 24 suka haɗa ɗakunan nuni da kejin namun daji, da rumfunan maƙera da masaƙa da dukawa, da samfurin gidajen Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Buzaye. Dabarar ta ci: yaron da kukan zaki ya jawo shi ba ya fita sai ya ratsa ta gaban sirdi da takobi da goge.

A 1970 aka ƙara mataki, aka buɗe cibiyar koyarwa a cikin gidan domin yaran da makaranta ta sallama ko ba ta ɗauka ba, suna koyon karatu da sana'ar hannu. A wancan zamani gidajen tarihi kaɗan ne a Afirka suka yi irin wannan tunani, kuma ya cancanci yabo. Sai dai matsayin da aka ba matashi a nan shi ne na almajiri da ɗan kallo. Zaɓen abin da za a ajiye, da sunan da za a kira shi, da bayanin da za a rubuta a ƙarƙashinsa, duk sun zauna a hannun manya da masana, galibi kuma da Faransanci.

Alhali kuwa tarihin kayan da ƙasar ke alfahari da su ya nuna cewa ba masana kaɗai ke gano su ba. A 1975 wani saurayi ɗan ƙauye ne ya ci karo da kawunan yumɓu a Bura, cikin yankin Tera. Sai a 1983 masanin tarihi Bube Gado da abokan aikinsa suka haƙa wurin, suka tono ɗaruruwan tukwanen binne mamata da mutum-mutumin mahayin doki wanda ya yi suna. Bayan an nuna kayan a Faransa a 1993, dillalai suka yi wa yankin caa. Ƴan ƙauyuka, cikinsu har da samari, suka shiga haƙa suna sayarwa a kan kuɗi ƙalilan, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake wawushewa a shekarar 2000. Ƙasa ɗaya ce, tsara kusan ɗaya, amma ba wanda ya taɓa zama da su ya nuna musu cewa tukwanen nan nasu ne ta wata fuska da ta wuce ciniki. Ɗora laifin duka a kan talauci bai wadatar ba.

Zamanin Saini Kunce ya ba da wata dama da ba a ci moriyarta ba. Samariya ta farfaɗo a kowace unguwa, bukukuwan matasa na ƙasa suna zagaya manyan garuruwa, ana tono tsofaffin kaɗe-kaɗe da raye-raye da tufafin kakanni domin gasa. Samari da ƴan mata sun yi bincike na gaske a wurin tsofaffi, ko da yake ba a kira shi bincike ba. Da an watse biki, kaya su koma adaka, bayanin kuma ya tafi da masu shi.

Gidajen tarihi na jihohi, irin na Damagaram da na Doso, sun zo daga baya, sun kuma gaji tsarin Yamai ba tare da zakunanta ba. A nan ne giɓin ya fi fitowa, a nan ne kuma ya fi sauƙin cikewa, domin mai kayan da mai kallonsu maƙwabta ne. Ɗalibin kwaleji a Birni ko Zango yana da kakar da ta san bambancin taskira da lefe, ta san wace tasa ake jerawa a ɗakin amarya da wadda ake kai wa surukai, ta san kuma wanda ya ƙera ta. Ma'aikacin da aka turo daga wata jiha ba lalle ya san wannan ba.

Tun 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, hujjar barin allunan bayani cikin harshe guda ta ƙara rauni. Aikin bai fi ƙarfin aji ɗaya da malami ɗaya ba: kowane ɗalibi ya ɗauki abu guda, ya tambayo sunansa da amfaninsa a gida, a tantance tare da mai kula da gidan, sa'an nan a rubuta a allo da Hausa da Faransanci, a sa sunan tsohuwar da ta faɗa da na jikan da ya rubuto.