Ƙananan hukumomi da kafofin sada zumunta

A da, idan hukuma tana da magana da talakawa, sanƙira ake aikawa ya yi shela a kasuwa. Daga baya rediyo ya zo. A yau ƙananan hukumomi da yawa a duniya suna amfani da kafofin sada zumunta, wato hanyoyin intanet irin su Facebook da WhatsApp, inda mutane ke aika wa juna rubutu da hoto da murya ta wayar salula. Amma kowace ƙasa da irin tata hanya.

A ƙasar Sipaniya

Jun ƙaramin gari ne kusa da birnin Garanada, mai mutane kamar 3,500. A shekarar 2011 magajin garin, José Antonio Rodríguez Salas, ya mai da Twitter hanyar magana tsakanin hukuma da jama'a. A lokacin, idan fitilar titi ta mutu, sai mutum ya rubuta ƙorafinsa kowa yana gani. Magajin gari ya umarci ma'aikaci, shi kuma ya gyara, ya sa hoton aikin. An sauya wa Twitter suna zuwa X a 2023.

A ƙasar Kenya

Francis Kariuki ya kasance shugaban yankin Lanet Umoja, kusa da birnin Nakuru. Mutanensa da yawa ba su da intanet. Tun daga 2011 ya riƙa rubutu a Twitter, saƙon yana isa ƙananan wayoyinsu a matsayin gajeren saƙo. Da haka yake cigiyar dabbar da ta ɓace, ko ya tara maƙwabta idan ɓarayi sun shiga wani gida. Ya rasu a 2020.

A ƙasar Japan

A can kafar LINE ce ta fi karɓuwa. An buɗe ta a 2011, bayan babbar girgizar ƙasa ta wannan shekara. Hukumar birnin Fukuoka tana aika gargaɗin bala'i ta cikinta, tana kuma tuna wa mazauna ranar kwasar shara.

Abin lura

Waɗannan hukumomi sun bi jama'a ta hanyar da jama'a suka saba da ita. Inda masu karatu ba su da yawa, saƙon murya cikin harshen gida ya fi isa ga kowa. Sai dai ƙarya ma tana bin wannan hanya. Idan saƙo ya zo da sunan hukuma, musamman mai neman kuɗi, a tambayi ofishin magajin gari kafin a yarda ko a tura wa wani.