FIDDA GWANI

fidda gwani (*suna, namiji*, cikakkensa: zaɓen fidda gwani)

1. Zaɓen cikin gida da jam'iyya ke yi domin tsayar da mutum guda da zai riƙe mata tuta a babban zaɓe. Ko dai 'yan jam'iyya duka su jefa ƙuri'a, ko wakilai kaɗai. *Misali:* An kwana ana ƙirga ƙuri'un fidda gwani.

2. Auna 'yan takara don gane wanda zai iya kai labari. Ana duba yawan magoya bayansa, ƙarfin aljihunsa, da karɓuwarsa wajen yankinsa, domin mai farin jini a gida yana iya shan ƙasa a waje.

*Dabaru:* zawarcin wakilai, ƙulla ƙawance, janyewa. A taron PDP na fidda ɗan takarar shugaban ƙasa a Abuja a Mayun 2022, Aminu Tambuwal, gwamnan Sakkwato na lokacin, ya janye wa Atiku Abubakar, wanda ya kada Nyesom Wike.

*A Nijar:* har zuwa 2023, galibi babban taron jam'iyya ne ke tabbatar da wanda shugabanni suka daidaita a kansa. PNDS-Tarayya ta tsayar da Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji a gundumar Illela, takarar shugaban ƙasa a 1993, 1996, 1999 da 2004 bai ci ba, sai a 2011. A 2019 ta tsayar da Mohamed Bazoum, ya lashe zagaye na biyu a Fabrairun 2021.

*Kishiya:* ɗauki-ɗora.
*Duba kuma:* maslaha, ƙato-bayan-ƙato, ɗan takara.