Tebur da Ruwan Inabi a Kulob ɗin Reform na Landan

A cikin shekarar 1832 Majalisar Ingila ta zartad da dokar da ta ƙara yawan masu jefa ƙuri'a. Mutanen da suka tsaya a kan wannan doka, da suka ga abokan hamayyarsu suna da Kulob ɗin Carlton inda su ke haɗuwa, sai su ma suka kafa nasu a 1836, suka sa masa suna Reform, watau gyara. Amma siyasa kaɗai ba ta isa ta riƙe mutum a ɗaki ɗaya kowane dare ba. Abin da ya riƙe su shi ne abinci.

A 1837 suka ɗauki wani Bafaranshe, Alexis Soyer, ya zama babban kuku. Sa'ad da Charles Barry ya ke tsara sabon gininsu na titin Pall Mall, wanda aka buɗe a 1841, Soyer ya sa hannu cikin tsarin madafar da ke ƙarƙashin ƙasa. Ya kawo murhu na iskar gas, da tanderu wanda a ke iya rage zafinsa ko a ƙara, da akwatunan ajiye nama waɗanda ruwan sanyi ke ratsawa. Har baƙi suka riƙa zuwa kallon madafar kamar yadda a ke zuwa kallon fada. Tun kafin ginin ma, ran da aka naɗa Sarauniya Victoria a 1838, ya shirya karin kumallo na mutum 2,000.

Liyafar da ta fi nuna amfanin tebur ga masu mulki ita ce ta watan Yuli 1846, wadda aka yi wa Ibrahim Basha, ɗan Muhammadu Ali mai mulkin Masar, aka zauna mutum 150. Shekara shida kafin wannan, jiragen yaƙin Ingila ne suka yi wa Akka ruwan wuta, suka tilasta wa rundunarsa barin Sham. Ga shi kuwa yanzu ana girmama shi a Landan. Lalle akushi ya kan ɗinke abin da igwa ta yaga, ko da a ido ne kawai.

Batun abin sha ya fi wuyar ganewa, gama haraji ne ya zaɓa wa Turawan Ingila abin da su ke so. Yarjejeniyar Methuen ta 1703 ta sa kuɗin fito na giyar inabi ta Fotugal ya kasa na ta Faransa da sulusi, saboda haka giyar nan mai ƙarfi da su ke kira fot ta zama abin rufe cin abinci, ana miƙa kwalbarta ta hannun hagu har ta kewaye tebur. Ko da aka daidaita harajin a 1831, al'adar ta riga ta kafu. Sai bayan yarjejeniyar ciniki ta 1860, wadda Richard Cobden ya ƙulla da Faransa, giyar Bordeaux ta yi araha.

Akwai kuma wata gata ta shari'a. A 1882, cikin ƙarar Graff da Evans, wadda ta shafi wani kulob dabam, alƙalai suka yanke cewa idan ɗan kulob ya biya kuɗin giya ba saye ya yi ba, domin kayan tun farko mallakar 'yan kulob ne gaba ɗaya. Ashe mai gidan giya na talakawa sai da lasisi da ƙayyadadden lokaci, attajiri kuwa yana sha a ɗakinsa. Sai a 1902 doka ta wajabta yi wa irin waɗannan kulob rajista.

Ƙofar shiga ba ta da faɗi. Sai wani ya gabatad da mutum, kāna a jefa masa ƙwallaye a asirce, baƙaƙe kaɗan su hana shi. Abin mamaki ne ga mutanen da suka yi suna wajen faɗaɗa ƙuri'a. Soyer ya bar aiki a 1850. Bayan jam'iyyar Liberal ta rabu kan batun Ailan a 1886, siyasar kulob ɗin ta yi ta dushewa, amma haƙarƙarin ɗan rago da ya ƙaga har yanzu da sunan Reform a ke kiransa. Mata ba su sami shiga a matsayin 'yan kulob ba sai a 1981.