Yadda Haɗa Sautin Mota Ya Zama Sana'a a Bauchi

Gida biyu suka haifi sana'armu a garin nan. Akwai masu gyaran rediyo, waɗanda ke zaune a rumfa da dalmarsu da mitarsu, akwai kuma rewaya, da suka san hanyar wutar mota tun daga batir har fitilar baya. Mai rediyo ya san sauti amma mota ba fagensa ba ce. Rewaya kuwa in ka tambaye shi om nawa ne sifikar da ke hannunsa, sai ya zuba maka ido. Kowa yana harkarsa har amfilifaya ta zo ta haɗa su dole.

A zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, aikin bai kai a kira shi sana'a ba. Rediyo mai kaset, sifika biyu, 'yan wayoyi, shi ke nan. Direban tasi na hanyar Jos ko Gombe bukatarsa ya ji muryar Shata ko Ɗan Maraya tangaran, in azumi ya zo ya saka tafsirin Shehu Ɗahiru Usman Bauchi. In rediyo ta fara cin zare, a canza bel, a goge kai da auduga da sifirit.

In ka tambaye ni, ba masu nishaɗi ne suka fara koya mana amfilifaya a mota ba. Masu tallan maganin gargajiya ne, da masu shelar wa'azi, da 'yan siyasa lokacin kamfe. Su ke zuwa da lasifika a ɗaura musu a saman mota, da amfilifaya irin su Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan wadda ke karɓar wutar batir. A kansu aka gane cewa siririyar wayar da ke ciyar da rediyo ba ta iya ɗaukar wannan kaya. Masu rediyo kuma suka shiga haɗa ƙananan amfilifaya da hannunsu, da wani ɗan baƙin guntu mai lamba LA4440, su ɗaure shi a jikin gorar ruwa don ya sha zafi. Tana aiki, sai dai in rana ta take a watan Afrilu ba ta da haƙuri.

Abin ya juya ne daga shekarun 1990, da motocin tokumbo suka riƙa kwararowa ta Kwatano. Kayan Pioneer da Kenwood, daga baya Sony Xplod mai jan baki, suka riƙa isowa daga kasuwar Alaba ta Legas da Sabon Garin Kano. Samari, musamman ɗaliban ATBU da na Fedaral Foli da ke Gwallameji, suka ce su ba murya kawai suke so ba, so suke gilashin baya ya yi rawa. Waƙoƙin finafinan Hausa masu kiɗan fiyano suka ƙara wa abin mai. Nan kafinta ma ya samu shiga, domin wufa ba ta magana sai an yi mata akwatin katako a but.

A wannan zamanin aka kafa ƙa'idojin da har yau muke koya wa yaran shago, kuma kusan kowace sai da aka yi asara kafin a yarda da ita. Wayar wuta mai kauri daga kan batir take tasowa kai tsaye, a sa mata fis kusa da batir, kada ya wuce kamu biyu. Da yawa suna zaton amfilifaya yake karewa. Motar yake karewa: in wayar ta goge a jikin ƙarfe ta huje, fis ɗin ne zai yanke kafin kafet ya kama. Wayar bodi gajeriya ake so, a kankare fenti har ƙarfe ya yi fari kafin a ɗaure ta. Sai siririyar shuɗiya mai ratsin fari da ke fitowa daga bayan rediyo, ita ke tada amfilifaya, ita ke kwantar da ita. Wanda ya yi ganganci ya haɗa ta da wutar dindindin, da safe sai an tura motar.

Akwai wani kuka da ke bin totur, kana taka mai yana ƙara tsini. Shekarun baya har altaneta aka riƙa sa mutane su canza a banza saboda shi. Galibi wayar sauti ta RCA ce aka kwantar kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta, ko bodi bai kama da kyau ba. Shi ya sa muke bin da wuta ta gefe ɗaya na mota, sauti ta ɗaya gefen. Don gane kan sifika kuwa, batirin tocila ya isa: ka taɓa wayoyin biyu, in bakin sifikar ya turo waje, wadda ke kan batirin ita ce fozitif. In aka juya guda ɗaya, wannan na turawa waccan na ja, sai gangar ta ɓace, mai mota ya ce an sayar masa da jabu.

Lissafin om ne ya fi cin amfilifaya. Sifikar mota yawanci om 4 ce. Ka haɗa biyu kai da kai, sun koma om 2. Ka ƙara ta uku don burge abokai, sai ƙauri ya tashi.

Faifan CD bai daɗe yana sarauta ba, ramukan hanya ba su bar shi ya yi waƙa lafiya ba. Filas da memori suka ture shi, Bluetooth ta ture su. Motocin yanzu kuma da rediyonsu suke zuwa a manne, ba ramin RCA, sai a ɗauko sauti daga wayoyin sifika ta wani ɗan akwati mai rage ƙarfinsa. Da gwamnatin Bala Mohammed ta hana acaɓa a 2020, Keke Napep ya cika gari, muka samu sababbin kwastomomi masu ƙaramin batir da babban buri.

Kaya sun yi araha, ƙarya ma ta yi araha. Yaro zai sauke kwalin amfilifaya ya ce, "Oga, wat 3000 ce fa." Sai in ce ya juya ta ya karanta mini fis ɗin jikinta. In 20 aka rubuta, ka ninka da bolt 14 na mota mai tafiya, ba ta kai wat 300 ba ko da ba ta ɓarnar komai. Wayar ma haka: jar roba mai kauri, ka kankare ka ga fari a ciki, gorar ruwa ce aka shafa wa jan ƙarfe.

Gyara kuwa ya ja baya. Amfilifayar yanzu in ta ƙone, kuɗin gyaranta ya kusa na sabuwa, don haka yawancin waɗanda suka gaji rumfunan rediyo sun koma gyaran wayar salula a wajajen Wunti. Haɗin ya dawo hannun rewaya, kuma yanzu wuya ka ga ɗayansu ba mita a aljihu.