Naba Wobgo, Giwar Wagadugu Da Ta Mutu A Gudun Hijira

Duk Bahaushen da ya leƙa tarihi ya san ƙarshen Sarkin Kano Alu, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1903, ya rasu a Lakwaja. Mu 'yan Zangon Wagadugu, unguwar da Mosawa ke kira Zangwetin, akwai wani sarkin da nake ganin ya kamata 'yan'uwanmu na gabas su san labarinsa, domin a inuwar gidansu kakanninmu fatake suka sauke kaya. Shi ne Moro Naba Wobgo, sarkin Mosi na ƙarshe da ya yi mulki babu Bature a kansa.

Sunansa na yanka Bukari, ɗan Naba Kutu. Gidansu na jingina asalinsa ga Naba Ubri, wanda ya kafa sarautar, shi kuma daga tsatson Yennenga, gimbiyar da ake cewa ta fito daga Gambaga a arewacin Ghana ta yau. Da Kutu ya rasu, masu zaɓen sarki suka ɗauki yayansa Sanem. Bukari bai haɗiye wannan ba. Ya koma bakin iyakar Gurunsi ya tara mahaya, yana kai hari yana kama bayi, kuma can Bafaranshe Binger ya same shi a 1888. Ba na son a wanke shi daga wannan. Mutanen da ya sayar su ma 'ya'yan wasu ne.

Bayan rasuwar Sanem ya hau gado, ya ɗauki sunan Wobgo, wato giwa da harshen More. Sai dai giwar ta tarar da daji ya kama wuta. A cikin gida hakimin Lalle ya yi masa tawaye, har ya gayyato mayaƙan Zabarmawa, su kuwa suka yi wa talakawansa ɓarna. A waje kuma Turawa na ta sallama. A 1894 ya sa hannu a takardar abota da George Ferguson, ɗan Gwalkwas mai yi wa Ingila aiki. A 1895 Kyaftin Destenave na Faransa ya aiko da tasa buƙatar, sarki ya mayar masa da cewa ƙasarsa ta yi masa daidai yadda take, ba ya neman mai gyara masa ita.

Amsa ta zo ranar 1 ga Satumba 1896, lokacin da Laftanar Voulet ya shiga Wagadugu da bindigogi. Mai karatu na Nijar ya san sunan nan. Shi ne dai wanda ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a 1899, ya gwabza da Sarauniya a Lugu, daga baya sojojinsa suka harbe shi a Maijirgi. Dawaki da kibau ba su iya da harsashi ba, Wobgo ya ja da baya zuwa kudu. A Janairun 1897 Faransawa suka naɗa ƙaninsa da sunan Naba Sigiri.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne 1898. Wobgo ya riƙe takardar Ferguson da gaske, Ingilishi kuma suka taso da sojoji ƙarƙashin Northcott don mayar da shi gida. Sun kai Kombisiri, tafiyar yini ɗaya zuwa biyu daga fadarsa, sai labari ya zo cewa an ƙulla yarjejeniya a Paris ranar 14 ga Yuni, ƙasar Mosi ta faɗa rabon Faransa. Suka juya. A Paris aka yanke hukuncin, ba a Wagadugu ba. Ya rasu a 1904 a Zongoiri, kusa da Gambagar da aka ce kakarsu ta baro.

Na kan kwatanta shi da sarakunan Japan. Tokugawa Yoshinobu ya miƙa mulki a 1867, a 1871 aka rushe ƙasashen hakiman samurai, amma aka ba su fansho, daga baya har da muƙaman girma, shi kansa Yoshinobu ya rayu har 1913. 'Yan ƙasa ne suka sauke su, shi ya sa aka bar musu mutunci. Wobgo baƙo ne ya sauke shi.

Gidan dai bai mutu ba, ta wajen Sigiri ya ci gaba. Naba Kom na biyu, daga 1905 zuwa 1942, ya ga Faransa ta yayyanka Haute-Volta a 1932 ta raba wa maƙwabta, ya yi ta kai kuka. A zamanin ɗansa Saga na biyu aka dawo da ita, a 1947. A ganina, ba don nacin gidan nan ba, da wuya a sami Burkina Faso a taswira. Naba Kugri kuwa ya yi gaggawa: a Oktoban 1958 ya kewaye majalisar dokoki da mahaya yana neman a yi mulkin sarauta, aka tarwatsa su, 'yan siyasa suka sami hujjar rage wa sarakuna ƙarfi.

Tsohon Zangonmu an rushe shi a 2003 don aikin sabunta tsakiyar gari, an watsa mutanensa bayan birni. Fadar tana nan. Naba Bawongo, ɗan Kugri, yana kan gado tun 1982, kuma idan rikici ya ɓarke, kamar juyin mulkin Satumban 2015, a gabansa sojojin da ke gaba da juna suka je suka sa hannu.